Mutum Bakwai Cikin Dubu Saba'in da Takwas

Ranar Lahadi 26 ga Disamba, 2004, ƙarfe biyu saura minti biyu na dare agogon Najeriya, daidai lokacin da sanyin hunturu ya kora kowa ɗaki a Gyallesu da sauran unguwannin Zariya, ƙasan teku ya tsage a yammacin tsibirin Sumatara na ƙasar Indunisiya. A can gari ya riga ya waye, ƙarfe takwas saura kaɗan. Tsagin ya yi ta gudu arewa har kilomita wajen 1,300, ya zarce nisan Legas zuwa Kano, ƙasa kuma ta yi ta jijjiga kusan minti goma ba ta lafa ba. Masana suka ce ƙarfin girgizar ya kai maki 9.1. Rabon duniya da ganin irinta tun ta Alaska a 1964.

Amma ba girgizar ce ta yi mafi yawan kisa ba, ruwan da ta taso ne. Ɓawon duniya faya-fayan dutse ne manya-manya masu motsi a hankali, a wannan wurin kuma fai ɗaya ne ke kutsawa ƙarƙashin ɗan'uwansa, 'yan santimita kaɗan a shekara. Shekaru ɗaruruwa suna cije da juna, ran nan sai na saman ya suɓuce, ya cilla ƙasan teku sama mita da dama. Duk wanda ya taɓa bugun gindin daro cike da ruwa ya san sauran labarin: ruwan gaba ɗaya ne ke tashi ya nufi baki. A tsakiyar teku igiyar ba ta kai mita ɗaya ba, masunci a kwale-kwale ma ba zai kula da ita ba, alhali tana gudun kilomita 700 zuwa 800 a awa, gudun jirgin sama. Sai ta iso gaɓa, inda ruwa ba zurfi, sannan ta rage gudu ta taru ta miƙe tsaye. Wannan ita ce tsunami. Kafin rana ta faɗi ta ci mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14.

Wuri mafi kusa da inda abin ya fara shi ne wani tsibiri mai suna Simeulue, kilomita kamar 150 daga gaɓar Sumatara. Mutanensa Musulmi ne, masunta da manoman kanumfari da kwakwa da shinkafa, yawansu a lokacin kimanin 78,000, kuma kusan dukansu a bakin ruwa suke zaune. Ba su da jiniya, ba na'ura, ƙauyuka da yawa ko waya babu. A Langi, wani ƙauye a arewacin tsibirin, minti takwas kacal ne tsakanin tsayawar girgizar da isowar ruwa, igiyar kuma ta haura mita goma. Ta share ƙauyen ƙaf, sai daɓen siminti na gidaje. Mutanen Langi wajen 800 ne. Ko ɗaya bai mutu ba.

A tsibirin baki ɗaya, mutum bakwai aka rasa.

Dalilin yana can baya, shekara 97. Ranar Juma'a 4 ga Janairu, 1907, zamanin mulkin Turawan Holan, ƙasa ta girgiza a Simeulue, sai teku ya ja da baya ya bar kifi yana ta tsalle a kan yashi. Jama'a suka ruga da kwanduna, ga rabo har gida. Suna cikin tsinta ruwa ya dawo. Tsofaffin tsibirin na cewa fiye da rabin mutanensu ya tafi a ranar, an tsinci gawawwaki maƙale a kan bishiyoyin kwakwa, wasu can cikin gonaki nesa da gaɓa. Waɗanda suka saura suka sa wa abin suna, smong, suka kuma ɗaura aniyar ba za su bari a manta ba.

Babu hukumar da ta ɗora musu wannan aiki, ba a kafa kwamiti ba, ba a ware kuɗi ba. Kaka ce za ta zaunar da jikanta ta ba shi labarin ƙanwarta da ruwa ya ɗauke tana tsintar kifi. Uwa ce za ta faɗa wa 'yarta a wurin girki. Labarin ya shiga hira, ya shiga waƙar reno, ya shiga tsawatar da ake yi wa yaro mai ƙiriniya. Kuma abin da ya sa ya yi aiki, a ganina, shi ne bai tsaya ga ban tsoro ba, yana ɗauke da umarni gajere wanda yaro ɗan shekara biyar zai riƙe: in ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi, in ka ga teku ya janye, kada ka tsaya ɗaukar komai, nufi tudu. Kowane ƙauye ya san tudunsa, ya san hanyar da za a bi.

Da safiyar wannan Lahadi, da ƙasa ta lafa, wasu suka leƙa bakin teku suka ga ruwa yana janyewa. Sai ihu ya tashi daga gida zuwa gida, smong, smong. Masu goyo suka saɓa 'ya'ya, samari suka ɗauki tsofaffi, aka bar tukunya a kan wuta. Daga kan tudu suka tsaya suna kallon gidajensu da jiragensu da gonakinsu suna tafiya. Da yawa sun kwana a can kwanaki, suna tsoron saukowa. Da labarin girgizar ya isa Jakarta, masu duba taswira sun ɗauka Simeulue ta nutse, tunda ita ce a bakin abin. Da aka samu isa gare su, aka tarar da mutane a raye, suna jin yunwa, suna tambayar labarin 'yan'uwansu da ke Banda Aceh.

Labarin Banda Aceh kuwa ba daɗin ji. Lardin Aceh shi ne bakin Sumatara ta arewa, ana yi masa kirari da zauren Makka, domin daga nan alhazan tsibiran suke shiga jirgin ruwa a zamanin da. Watan Zulƙida ne ma a lokacin, wasu maniyyatan lardin sun riga sun sauka Saudiyya, a can suka ji abin da ya sami iyalansu. Birnin Banda Aceh yana da nisan kilomita kamar 250 daga inda ƙasa ta fara tsagewa, saboda haka mutanensa sun sami minti ashirin zuwa talatin, ninki uku na abin da Langi ta samu. Sun fito tituna, suna salati, suna duba bangon da ya tsage, suna taimaka wa waɗanda gini ya danne. A wasu gaɓoɓin, da ruwa ya janye, mutane suka bi shi tsintar kifi, daidai abin da kakannin Simeulue suka yi a 1907. Babu wanda ya taɓa ba su labari.

Ruwan da ya shigo baƙi ne, ɗauke da katako da kwanon rufi da motoci, kuma waɗannan ne suka fi kashe mutane kafin ma a kai ga nutsewa. Ya kutsa cikin gari kilomita uku zuwa huɗu. A Lhoknga, yamma da birnin, alamar ruwan a jikin duwatsu ta haura mita 30. Wani jirgin ruwa mai ɗauke da injin ba da wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, ruwa ya tsinke shi daga tashar Ulee Lheue ya kai shi tsakiyar unguwa ya ajiye a kan gidaje. Yana nan har yau, masu yawon buɗe ido na hawa. A unguwar Lampulo wani jirgin masunta ya sauka a kan rufin gida, mutum 59 suka dare cikinsa suka tsira. A Lampuuk babu abin da ya rage a tsaye sai Masallacin Rahmatullah, shi kaɗai fari fat a tsakiyar fili, hoton da ya zagaya duniya. Ikon Allah ne, babu shakka. Injiniyoyi kuma sun nuna sababin da ya bi: ginshiƙan kankare masu ƙarfi, da ƙofofi da tagogi a buɗe ta kowane gefe, ruwa ya sami hanya ya wuce bai ture ginin ba. Babban Masallacin Baiturrahman na tsakiyar birni shi ma ya tsaya, ɗaruruwa suka fake a ciki.

Birnin kaɗai ya rasa mutum fiye da 60,000, lardin kuma wajen 167,000. Likkafani ya ƙare, masu wanka da masu sallar ma da yawa suna cikin matattu. Malamai suka ba da fatawa a binne yadda ya samu. Ramin Siron, a hanyar filin jirgin sama, yana ɗauke da gawa fiye da 46,000, babu suna ko ɗaya a kansu.

To, wai duk duniya babu wanda ya sani ne? Akwai. A lokacin, a Ewa Beach da ke tsibiran Hawayi na Amurka akwai cibiyar gargaɗin tsunami ta Tekun Fasifik, wadda aka kafa a 1949 bayan igiyar 1946 ta kashe mutum 159 a tsibiran. A can yammacin Asabar ne, ranar Kirsimeti. Na'urorinsu sun ji girgizar cikin 'yan mintoci, kuma minti 15 da aukuwarta suka fitar da sanarwa: maki 8.0, babu haɗari ga ƙasashen Fasifik. Gaskiya suka faɗa, don Fasifik aka ɗauke su aiki. Bayan kamar awa ɗaya suka ɗaga lissafin zuwa 8.5, suka ce mai yiwuwa tsunami ta taso kusa da wurin. Ba su da yadda za su tabbatar, domin na'urorin da ake dasawa a ƙasan teku su auna nauyin ruwan da ke wucewa, guda shida ne a lokacin, duka a Fasifik, Tekun Indiya ba ko ɗaya. A labaran intanet suka ga cewa ruwa ya ci Siri Lanka. Shugaban cibiyar, Charles McCreery, ya shaida wa 'yan jarida daga baya cewa sun yi ta neman wanda za su kira, amma a littafin lambobinsu babu lambar kowa a wannan yanki na duniya.

Aceh dai ko da an kira, da wuya a cim mata. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne sauran ƙasashen. Igiyar ta ɗauki kusan awa biyu kafin ta isa Tailan da Siri Lanka da Indiya, awa biyu da ko dattijo mai sanda zai iya takawa ya bar bakin ruwa. Siri Lanka ta rasa mutum wajen 35,000, ciki har da fasinjojin wani jirgin ƙasa da ruwa ya tare a Peraliya. Da igiyar farko ta zo, mutanen gari suka hau jirgin suna ganin ya fi tsaro, ta biyu ta kifar da shi, fiye da mutum 1,000 suka mutu. A Tailan akwai wani tsohon shugaban hukumar yanayi, Smith Dharmasaroja, wanda tun 1998 ya ce tsunami za ta iya afka wa Phuket, a kafa jiniya. Aka ce zai kori baƙi masu kawo kuɗi, aka mai da shi abin dariya. Bayan an binne mutum dubbai, gwamnati ta kira shi ta ba shi aikin kafa tsarin gargaɗin.

Inda aka tsira kuwa, in ka bi diddigi, kusan kullum mutum ɗaya za ka tarar wanda ya san alamar kuma ya buɗe baki. A gaɓar Mai Khao a Phuket, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara goma, Tilly Smith, ta ga ruwa yana kumfa yana janyewa. Mako biyu kafin nan malaminsu na labarin ƙasa ya koya musu tsunami a aji. Ta dage wa iyayenta har suka gaya wa ma'aikatan otal, aka kwashe mutum kamar ɗari daga gaɓar. A ƙauyen Nallavadu na kudancin Indiya, wani ɗan garin da ke aiki a Singafo ya bugo waya gida, aka shiga lasifikar ƙauyen aka yi shela. Gidaje da jirage sun tafi, mutane sun tsira. Da igiyar ta doshi Afirka, bayan awa bakwai ko fiye, Kenya ta riga ta ji labari, 'yan sanda suka kori mutane daga gaɓar Mombasa da Malindi, mutum ɗaya ta rasa. Somaliya, wadda ba ta da tsayayyar gwamnati a lokacin, ta rasa kusan 300, garin masunta na Hafun ya fi shan wuya. Awa bakwai ana ta nuna abin a talabijin a duniya, amma babu wanda ya isar wa masuncin Hafun.

Bayan ruwa ya koma, sai wasu abubuwan suka fito fili waɗanda lissafin gawa bai nuna ba. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta bi wasu ƙauyukan Aceh ta tarar mata sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, a wasu wuraren mace uku ko huɗu kafin namiji ɗaya. Maza da yawa suna teku, inda igiyar ta bi ta ƙarƙashinsu, ko suna kasuwa. Mata suna gida, ba a koya musu iyo ko hawan bishiya ba, kuma kowace ta tsaya tattara 'ya'ya da tsofaffi. Takardun filaye sun jiƙe sun lalace, iyakokin gonaki sun shafe, aka bar marayu ba mai shaidar gādonsu. Wani yaro mai suna Martunis ya yi kusan mako uku shi kaɗai a cikin fadama, yana shan ruwan kududdufi yana cin abin da ya tsinta, aka same shi sanye da rigar ƙwallon ƙasar Fotugal. Hukumar ƙwallon ƙasar ta taimaka aka sake wa mahaifinsa gida, Cristiano Ronaldo ya je ya gan shi. Mahaifiyarsa da 'yan'uwansa biyu ba su tsira ba.

Duniya ta yi alkawarin agajin dala biliyan 13 da wani abu, wanda ba a taɓa tara irinsa ba, kusan rabi ya tafi Aceh da tsibirin Nias. Hukumar sake gini da Kuntoro Mangkusubroto ya jagoranta daga 2005 zuwa 2009 ta ga an gina gidaje wajen 140,000. Abin da ba wanda ya zata shi ne zaman lafiya. Tun 1976 'yan tawayen GAM ke yaƙi da sojojin Indunisiya, rai wajen 15,000 ya salwanta, lardin ma a rufe yake ga baƙi da 'yan jarida lokacin da ruwa ya zo, shi ya sa duniya ta yi kwanaki kafin ta gane girman abin da ya faru a can. Ranar 15 ga Agusta, 2005, ɓangarorin biyu suka sa hannu a Helsinki, tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari na shiga tsakani. Wani jigon 'yan tawayen, Irwandi Yusuf, yana kurkuku a Banda Aceh ranar da ruwa ya shigo. Ya fasa silin ya hau rufi, yana cikin 'yan kaɗan da suka fita da rai. A Disambar 2006 shi aka zaɓa gwamnan Aceh. Mutanen Simeulue kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama su da lambar yabo ta Sasakawa a 2005.

Sannan aka shiga sayen na'urori. Ƙarƙashin hukumar UNESCO aka haɗa tsarin gargaɗi na Tekun Indiya, ya fara aiki a 2006, zuwa 2011 cibiyoyi uku a Indiya da Indunisiya da Ostireliya suka karɓi ragamarsa. An dasa ma'aunai a ƙasan teku, masu aika saƙo ga wata na'ura mai iyo a sama, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam. An kafa jiniyoyi, an gina benaye na musamman da za a gudu a hau. Yau cikin minti biyar Jakarta na iya fitar da gargaɗi, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma ku ji yadda ta kaya a ƙasa. A Yunin 2007 jiniya ta tashi da kanta a kusa da Banda Aceh ba gaira ba dalili, mutane suka yi ta gudu suna faɗuwa. Da suka gane ƙarya ce, mazauna wani yankin suka far wa tasu jiniyar da jifa har ta yi shiru. Ranar 11 ga Afrilu, 2012, girgiza mai maki 8.6 ta sake zuwa. Kowa ya hau babur da mota, tituna suka cushe, benayen gudun suka zauna kusan fanko domin jama'a ba su amince da su ba. Allah ya kiyaye, babbar igiya ba ta taso ba.

A Palu, tsibirin Sulawesi, ba a yi wannan sa'ar ba. Ranar Juma'a 28 ga Satumba, 2018, gab da magariba, girgiza mai maki 7.5 ta zo ana shirin biki a bakin teku. An fitar da gargaɗi, amma wuta ta ɗauke, turakun waya sun faɗi, saƙon bai shiga wayoyin mutane ba. Fiye da mutum 4,000 suka mutu, wasu a ruwa, wasu ƙasa ce ta narke ta haɗiye unguwanninsu. Kakakin hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, Sutopo Purwo Nugroho, ya fito ya ce na'urori masu iyo 22 da aka dasa bayan 2004 babu mai aiki ko ɗaya tun 2012, an sace sassan wasu, wasu babu kuɗin gyara. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan Najeriya. Sai dai ko suna aiki da wuya su ceci Palu, don ruwan ya iso cikin 'yan mintoci. Girgizar ita kanta ce gargaɗin, ga wanda aka koya masa.

Mu a nan ba mu da teku, kuma ƙasarmu ba ta kan bakin waɗannan faya-fayan. Takan ɗan motsa dai: a Satumbar 2016 ta girgiza a Kwoi, nan cikin Jihar Kaduna, bangaye suka tsage mutane suka kwana a waje, a Satumbar 2018 kuma ta yi a Mpape ta Abuja. Akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauchi mai sa ido a kan wannan. Amma ruwan da ke cin mutane yana barci, shi kam mun san shi. Madatsar Bagauda ta fashe a 1988. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta 2022 fiye da 600. Madatsar Alau ta ɓalle cikin daren 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni; ita wannan madatsar ta taɓa yin haka a 1994, shekara talatin kacal, waɗanda suka ga ta farko suna nan da ransu. Mutanen Simeulue sun riƙe nasu labarin shekara 97. A Mokwa, da asubahin 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, an ƙirga gawa fiye da 150, waɗanda suka ɓace ba a gama sanin adadinsu ba, da almajirai a ciki.

Kuma ba za a ce ba a gargaɗi ba. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, a yi taro a Abuja, a karanta a rediyo. Irin sanarwar Hawayi ce: gaskiya ce, an fitar a kan lokaci, amma ba ta ɗauke da sunan lungun kowa. Wanda aka ce masa jiharsa na cikin haɗari a watan Agusta bai san ko yau da dare zai ɗauki 'ya'yansa ba, bai kuma san inda zai kai su ba.

Kogin Kubanni ya taso daga wajen Shika, ya cika madatsar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ta gefen Gyallesu yake bi kafin ya faɗa Galma. Da rani yaro ma zai tsallake shi. Gidaje sun gangara har bakinsa, magudanai sun cika da leda, kuma ruwan da zai cika shi ba lallai a kan Gyallesu ya sauka ba. Ana iya yin sa a can sama, sararin unguwa na da taurari. Nan ne abin da ya ceci Nallavadu zai yi mana aiki, ba kuma sai an jira kwangila ba. Masallatanmu duka da lasifika. A sami batir da aka ajiye don ranar da babu wuta, a sami mutanen Samaru da na unguwannin sama da ke da lambar mai unguwa da ta ladan, a kuma yarda tun yanzu wane ne ke da ikon cewa a tashi, don kada kowa ya riƙa shela har a daina saurara, kamar yadda aka jefi jiniyar Aceh. Dattawan unguwa sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun baya. A tambaye su tun suna raye, a shafa fenti a bango a wurin. Ga makarantar horar da malamai ta tarayya a maƙwabta, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Darasi ɗaya na malamin labarin ƙasa ne ya kwashe mutum ɗari daga gaɓar Phuket.

Wani zai ce ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne. Mutanen Simeulue ma Musulmi ne masu salla, sun yi imani da ƙaddara, kuma sun gudu. Sayyidina Umar ma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can.

Maganata ta ƙarshe ga magidanta ce, saboda abin da aka gani a ƙauyukan Aceh. Da yawanmu muna kasuwa ko muna kan hanya lokacin da iyali ke cikin gida, kuma akwai matar da ko ruwa ya kai mata gwiwa za ta tsaya jiran izini, ko ta tsaya neman mayafi da takardun makarantar yara. Malam, tun kafin hadarin bana ya haɗu, ka zaunar da uwargida da yara ka faɗa musu da bakinka: in an yi shela, ko kun ga ruwa ya shigo tsakar gida, ku fita, na yarda, ga gidan da za mu haɗu. Malaman tsangaya da ke kwana da almajirai a gangare su ma su yi haka.